Saki Uku a Gindin Rumbu

Tun da Mustafa ya dawo daga Malumfashi ya shige ɗaki bai taɓa tuwonsa ba na san an faɗa masa. Sai da na tsare shi da tambaya ya ce wata gwaggon yarinyar da yake nema ce ta ja abokinsa gefe, wai shin wannan ba ɗan matar nan ba ne da aka yi wa saki uku a Maska, ta ƙi fita, har ta ƙara haihuwar biyu a gidan? To madalla. Ashe har yanzu maganar tana da rai, alhali wanda aka yi ta a kansa yana kabari. Na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin. Ke Hafsatu da kike cikina a lokacin, da kai Nura, da kai Mustafa da ake cewa an haife ku ba aure, ku saurara ku ji daga bakin wadda aka ce an saka.

Kun san daga Tsiga aka kawo ni Maska. Babanku manomi ne, yana kuma da ɗan shagon iri da maganin feshi a Funtuwa. Mutum ne mara magana, in ya yi jimla uku a jere sai ka duba ko lafiya. Ni kuwa kun san ni, bakina ba ya zama. Tun ina makarantar horon malamai nake tara 'yan ajinmu muna kwaikwayon shugabar makaranta da mai dafa mana abinci, kuma bayan aure ban daina ba. Da yamma in ya dawo daga gona sai in yi masa muryar kowa na unguwa, daga mai unguwa har tsohuwar da ke sayar da daddawa, yana dariya a ciki, kafaɗunsa kawai ke motsi. Shi ne da kansa ya ce wannan abin bai kamata ya ƙare a tsakar gida ba. Shi ya je Zariya ya yi ta shige da fice har aka ba ni gurbi a jami'a, sashen da ake koyar da wasan kwaikwayo da fim da aikin talabijin.

Da labari ya kai Tsiga, Alhaji kakanku ya aiko a kira mu. Yayan babanku, Baffa Sale, shi ma ya biyo mu, don tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Alhaji ya dube ni ya ce:

"Wasa ake zuwa jami'a a koyo? Yaran da ke tashe a ƙofar gidana da azumi, wace jami'a suka yi?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Inna ta zungure ni da ƙafa. Baffa Sale ya ce shi dai ba da yawunsa ba, matar aure ba ta hawa dandamali maza suna tafa mata. Babanku ya sunkuyar da kai ya ce shi ya yarda, kuma shi zai ɗauki duk abin da ya biyo baya. Nan Alhaji ya ɗaga yatsa ya nuna ni.

"Tun da mijinki ya yarda, ba ni da ta cewa. Amma sharaɗi ɗaya, Rabi. Kar in ji wani ƙato ya kira ki matarsa, ko a wasa."

Na ce na ji, na kuma riƙe. Ku riƙe sharaɗin nan da kyau, don shi ya jawo komai.

Mutanen Maska sun ɗauka rawa nake zuwa yi. Da ma rawar ce, da na huta. Da sassafe ake fito da mu fili a sa mu yi ta jan numfashi da buɗe murya har maƙogwaro ya bushe. Daga nan aji, a jibge mana littattafai da Turancin da ko masu shi sai sun yi da gaske. A koya maka yadda ake rubuta labari, yadda ake haska fuska da fitila, inda za ka tsayar da kyamara, yadda ake tace hoto a haɗa wannan da wancan. Wani lokaci a kwashe mu a mota zuwa ƙauyuka mu zauna da mutane, mu ji abin da ke damunsu na rijiya ko na taki, mu mayar da shi wasa mu yi musu a dandali. Duk wasan da aka raba, ni ce tsohuwa, ni ce ungozoma, ni ce mayya. Da zarar an ce matar wane, sai in ce a ba wata. Har 'yan ajinmu suka sa mini suna Kaka, alhali ban haihu ba tukuna.

A can na haɗu da Ngozi. Iyayenta daga Kudu suka zo, babanta yana sayar da kayan gyaran babur a Funtuwa, amma ita a nan aka haife ta, Hausarta har da karin magana. Kirista ce, ni Musulma, gadonmu ɗaya ne sama da ƙasa, in na tashi sallar asuba ita ke miƙo mini buta da ido a rufe. A ajinmu babu mai hannunta a kyamara.

A shekarar ƙarshe dole kowa ya yi ɗan gajeren fim nasa, da shi za a yi masa hukuncin fita. Ni na rubuta labarin wata Lami, matar manomi. Shekara ta yi muni, mijin yana ta ɗibar hatsi yana kaiwa kasuwa, sai ta kwashe irin shuka ta ɓoye a gidan iyayenta kar ya haɗa da shi. Ya leƙa rumbu ya ga wayam, ya ɗauka sata ta yi, ya sake ta cikin fushi. Sai da ruwan shuka ya sauka ta aiko masa da irinsa cif. Labarin ke nan, ba wani dogon abu ba ne. Na shirya a ɗauka a gidanmu na Maska da kaka, lokacin da masara ke shanye a ko'ina. Ana saura kaɗan a fara, yarinyar da za ta fito a Lami ta kwanta da zazzaɓin taifot, kuma babu wata mai Hausa da ta san labarin sai ni. In na fito a Lami, ɗan ajinmu da zai fito a mijin zai kira ni matarsa, ga kuma sharaɗin Alhaji. Na zauna a bakin gado na rasa abin yi. Babanku yana gyara fitila, bai ko juyo ba ya ce:

"Ni ma ai ƙato ne. Amma dai ni in na kira ki matata ban yi ƙarya ba."

Wallahi daɗi ya kama ni har na yi guɗa. Na ga mun tsallake rami, shi zai fito a mijin Lami. Babu wanda ya yi tunanin kalmar da ke cikin labarin a cikinmu, ni da na rubuta ta, da shi da ya haddace ta a kan hanyar gona.

Ranar ɗauka kamar ana rabon taki, Maska kaf ta zo. Mata a kan katanga, maza cike da ƙofar gida, har da masu tallar gyaɗa. Baffa Sale bai ce zai zo ba, amma sai ga shi ya shimfiɗa buzunsa a gindin dalbejiya yana jan carbi, wai inuwa ya zo sha. Komai ya tafi daidai har muka iso wurin sakin. Ni ina durƙushe a gindin rumbu, shi yana tsaye a kaina. Abin da zai faɗa kaɗan ne: Lami, je ki gidanku, na sake ki. Ngozi ta ɗaga hannu ta ce a fara. Babanku ya kalli ƙasa ya faɗi maganar ciki-ciki kamar mai karanta addu'ar shiga kasuwa. Na miƙe na ce ba a ji ba.

"A sake!"

Haka muke cewa a makaranta in ɗauka ba ta yi ba, a sake, wato a maimaita. Na biyu ya ɗaga murya, amma ya juya fuskarsa ga rumbu. Raina ya ɓaci, don rana tana tafiya, batirin kyamara kuma na haya ne. Na manta da cewa mijina ne a gaban jama'a, na yi masa irin tsawar da malamanmu suke yi mana. Na ce wane irin mutum ne zai saki matarsa yana kallon rumbu, rumbun ne ya ɓoye masa iri? Ka kalle ni! A sake! Mata suka kwashe da dariya a kan katanga. Na uku ya faɗa da ƙarfi har kaji suka watse. Bai dai kalle ni ba, amma na haƙura na ce ya isa. Ngozi ta sauke kyamara. A lokacin ne muka ji muryar Baffa Sale.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Uku ke nan."

Ya taso yana riƙe da yatsu uku a sama. Na ɗauka zolaya yake, har na fara murmushi, sai na ga hawaye a gemunsa.

"Kai, ka san abin da ka yi? Matarka ce wannan ko ba matarka ba? Gidanka ne nan ko ba gidanka ba? Saki ba a wasa da shi, wasansa gaske ne, kowane yaro ya san haka. Sau uku, a gaban shaidu sun fi a ƙirga. Ita kuma da bakinta take cewa a sake, a sake!"

Ngozi ta ce, "Baba, ai Lami ya saka, ba Rabi ba."

"Wace ce Lami? Nuna mini ita. Ni mace ɗaya na gani a durƙushe. Kuma na ƙarshen ko sunan Lamin bai kira ba, da kunnena na ji."

Kafin la'asar magana ta zagaye gari. Baffa Sale ya je wurin wani malami a nan unguwa ya faɗa masa yadda ya gani, malamin ya ce in dai haka ne igiya ta tsinke duka uku. Kada ku ɗauka mugunta ce ta sa Baffanku, ban taɓa faɗin haka ba ko a lokacin da nake jin kamar in shaƙe shi. Tsoron Allah ne ya kama shi, yana ganin ƙaninsa zai kwana da matar da ta haramta gare shi. Ya rantse ba zan kwana a gidan ba. Babanku ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa Yaya ka saurara, Yaya ka saurara. Aka ɗora ni a bayan babur da kayan Lami a jikina, ko zani ban canza ba, aka kai ni Tsiga. Ina da cikin Hafsatu wata uku, daga ni sai babanku muka sani.

Kun san abin da saki uku yake nufi. Babu kome, babu biko, sai in na auri wani ya sake ni don kansa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba sai da na tilasta shi, shi ne ake cewa ya haramta gare ni har abada.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya saurari ɗan aiken Baffa Sale har ƙarshe, ya ce:

"Na ce kar wani ya kira ki matarsa a wasa, sai kika sa naki ya kore ki a wasa. An gudu ba a tsira ba."

Daga nan ya daina yi mini magana sai amsa gaisuwa. Inna kuwa ba ta yi shiru ba ko na minti ɗaya. In tana tankaɗe tana yi, in tana wanke-wanke tana yi. Wai ita tun ranar da aka ce wasa ta san wasa zai zama kuka. Wai duk sunayen duniya da labaran duniya ban ga na rubutawa ba sai saki, me ya hana in rubuta suna ko biki? Amma ita ce ta fara gane cikin, ta ga ina kauce wa warin daddawa. Ta zauna a kan turmi ta riƙe kai ta ce, "Wayyo Rabi, kin kashe ni." Daga ranar ta koma dafa mini kunun tsamiya tana zagina tana ba ni.

Babanku yana zuwa duk ranar kasuwa. Ba a barinsa ya wuce zaure. Sai ya ajiye abin da ya kawo, rake ko ɗanyar gyaɗa, ya gaishe da Alhaji, ya ɗan zauna, ya tashi ya tafi. Ni ina bayan ƙyaure ina jin tarinsa. Rannan na kasa daurewa na ce ta jikin ƙyauren, "Ka ci abinci kuwa?" Ya ce, "Na ci." Ƙarya yake, na ji a muryarsa. Alhaji ya yi gyaran murya, kowa ya kama kansa.

Da aka ga abin ba zai mutu ba, manya suka shiga. Aka amince a kai maganar gaban Malam Habu, wani tsohon malami a Funtuwa da gidajen biyu suka yarda da shi. Shi kuma ya aiko cewa ba zai yi hukunci da ji-ta-ji-ta ba, tun da an ce na'ura ta ɗauki abin, a kawo ya gani. Gardamar duk ta taru a wuri ɗaya. Baffa Sale ya ce a na ukun ba a kira sunan Lami ba. Babanku ya ce bai tuna ba. Ni kuwa na yi ta rantsuwa cewa ya kira, don haka na rubuta, haka ya haddace.

Na roƙi Alhaji ya bar ni na koma Zariya ɗauko kaset ɗin. Ni da Ngozi muka shiga ɗakin tace hoto da rana tsaka, muka rufe ƙofa, ta sa. Na farko, Lami, je ki gidanku. Na biyu, Lami, je ki gidanku. Na uku ya zo. Na ga kaina ina yi masa tsawa, na ga ya ja numfashi, sai ya ce, "Je ki gidanku, na sake ki." Babu Lami. Ngozi ta mayar baya muka sake ji, babu. Na zauna a ƙasa. Baffa Sale ya fi ni kunne.

Ngozi ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, ki saurare ni. Sunan nan yana cikin ɗauka ta biyu. In na yanko shi na manna a gaban ta uku, wallahi ko malaminmu ba zai gane ba, balle tsoho a zaure. Fuskarsa ma ba ta kallon kyamara. Abin da aka koya mana ke nan, ba wani abu ba. Ko kuma in ce kaset ya ci kansa."

Ba zan ɓoye muku ba, na so. Na so ƙwarai. Aikin ɗan lokaci ne, kuma na san hannunta. Na sa hannu a cikina ina tunanin yaron da zai tashi yana zuwa gidan ubansa yini. Amma sai na hango kaina na koma Maska, na shiga ɗakin nan, kullum in na kalli babanku ina tambayar kaina ko mijina ne ko ba mijina ba, shi kuma bai sani ba. Da a ce na tabbata auren ya mutu, da na san abin da ke gabana. Da na tabbata yana nan, da ban ji tsoron kowa ba. Zama a tsakiya ne ba zan iya ba, kuma ba zan sa shi a ciki ba tare da saninsa ba. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta bar shi yadda yake. Ta ce ni mahaukaciya ce, ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Ranar zaman, baban Ngozi ne ya ba da aron talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto, aka jera su a zauren Malam Habu a tsakanin buhunan littattafai. Maza suna ciki, Alhaji da Baffa Sale da babanku. Ni da Inna muna bayan asabari, Ngozi ta yafa gyale tana durƙushe wajen na'ura. Malam Habu ɗan ƙaramin tsoho ne mai kaurin tabarau. Ya saurari Baffa Sale, ya saurari babanku, sannan ya ce a kunna.

Ban taɓa jin tsawon abu kamar wannan ba. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Muryata ta cika zauren tana yi wa babanku tsawa a gaban mahaifina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na uku ya zo, babu Lami. Baffa Sale ya ce, "Kun ji ko?" Ba da murna ya faɗa ba. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Malam Habu ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya ɗaga hannu ya ce:

"A sake."

Wallahi sai da kowa ya zabura. Alhaji har carbinsa ya faɗi. Ngozi ce kaɗai ta gane, ta mayar da kaset baya. Malam ya kalla, ya ce a ƙara, aka ƙara. Sannan ya juya wajen babanku.

"Me kake kallo a jikin rumbun nan? Duka ukun ban ga ka dubi yarinyar nan ba. Har ta yi maka faɗa a kai."

Babanku ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, yau kam ka yi magana, bawan Allah, yau kaɗai.

"Allah gafarta Malam, ba zan iya ba ne. Na gwada a gona, in na tuna fuskarta sai maganar ta maƙale. Shi ne na sami wata ɓaraka a jikin rumbu, na ce wannan ita ce Lami. Ita nake faɗa wa. Da ta ce in kalle ta, na ji in na kalle ta zan fasa, aikinta ya lalace. Shi ya sa na yi sauri na faɗa in huta, har sunan ya kuɓuce mini."

"Za ka rantse a kan haka?"

"Zan rantse."

Ya rantse. Malam Habu ya cire tabarau ya goge, ya fuskanci Baffa Sale, ya yi masa magana a hankali kamar mai lallashi. Ya ce gaskiyarsa ce, wanda ya kalli matarsa ya ce ya sake ta, daga baya ya ce zolaya yake, ba a karɓar masa. Amma wannan daban ne da mai ɗauko maganar wani yana faɗa. Ya ce shi kansa sau nawa ya furta kalmar nan yana karantar da babin saki, iyalinsa suna zaune cikin masu ɗaukar karatu, ko Malam Sale zai ce ya rabu da su? Ya ce wannan mutum maganar mijin Lami ya ɗauko, kowa a wurin ya san haka tun kafin ya buɗe baki, kuma ga ido ya nuna, ga rantsuwa. A fahimtarsa aure yana nan, ko igiya ɗaya ba ta taɓu ba, Allah ne mafi sani. Sannan ya ɗaga murya don in ji ta bayan asabari, ya ce amma mai hankali ba ya kai wuta kusa da rumbu don ya gwada ko za ta kama, kar a kuma.

Inna ta saki hannuna ta fara kuka da ƙarfi. Ni ban yi kuka ba, amai ne ya taso mini, na fita da gudu.

Baffa Sale bai karɓa ba. Ya ce malamai biyu sun saɓa, shi zai tsaya inda ya fi tsoro. Daga ranar bai ƙara cin abincin da na dafa ba. Ya zo sunan Hafsatu, amma na Nura da na Mustafa bai zo ba, kuma daga nan maganar da kuka ji ta samo tushe. Duk da haka kullum da safe sai na aika masa da koko, kullum sai an dawo da shi, har ya koma ga Allah. Alhaji ya mayar da ni Maska da kansa, amma ya karɓi alkawari a wurina cewa ba zan ƙara tsayawa a gaban kyamara ba. Na cika. Duk shekarun da na yi a gidan talabijin a bayanta na yi su, ina shirya wa wasu, ni da nake jin babu muryar da ba zan iya ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Fim ɗin kuwa na miƙa shi yadda yake. Malamin da ya duba ya ce labarin ya yi, hoton ya yi, amma wurin sakin ya mutu, don ɗan wasana ya kasa kallon matar, ya kamata in nemi wanda ya iya. Ya rage mini maki a kan haka. Na karɓa na yi godiya, ban gaya masa komai ba.

Da babanku ya rasu, ana zaman makoki wata ta raɗa, yadda zan ji, wai ko takaba ta hau kaina. Na ɗaura farin zanena na zauna a ɗakinsa na yi ta cif, wata huɗu da kwana goma, don matarsa ce ni tun ranar da aka kawo ni daga Tsiga har ranar da aka fitar da shi.

Mustafa, Ngozi ta sa an juye kaset ɗin, yana cikin wayar Hafsatu. Ka ɗauka ka kai wa gwaggon nan ta Malumfashi. Kar ka yi mata gardama, kar ka ɗaga murya, ka kunna mata kawai. In ta ƙirga ta ce uku ne, ka ce haka ne, uku ne. Sannan ka ce ta sake kallo, ta dubi inda idon ubanka yake.